Takunkumin Dario a Jirgin Ƙarfe Uku

Duk wanda ya san Mamadu, mutumin Maraɗi, ya san ba ya mantuwa. Shekara goma sha ɗaya yana riƙe da ɗakin kaya na wata babbar ƙungiyar ƙwallon ƙafa a Lyon. Shi ke wanke riguna, shi ke goge takalma, shi ke loda akwatuna in tafiya ta taso, kuma ko safa ɗaya ba ta taɓa yin ƙafa a hannunsa ba. Yakan yi wa matarsa Mariama gori da wannan, ita kuwa takan tambaye shi labarin gishirin da ta aike shi saye tun ranar Talata.

To, wata Lahadi da ƙarfe ɗaya na rana, Mamadu yana cikin ɗakin sauya kaya na baƙi a wani babban filin wasa a Paris, yana jera wa kowane ɗan wasa kayansa kafin su iso daga masauki. Da ƙarfe biyar za a take wasa. Yana rataya riguna yana ɗan waƙarsa a hanci har ya zo kan lamba goma sha tara, ta Dario Menchero. Ya ajiye riga da wando, ya ajiye takalma, ya sa hannu cikin akwati don ya ɗauko takunkumin fuska. Hannun ya dawo ba komai.

Sai an san Dario kafin a gane abin da ya sa hankalin Mamadu ya tashi nan take. Yaron ɗan Sifen ne, daga wani ƙauye na kudu inda itatuwan zaitun suka fi mutane yawa. Yana ɗan shekara goma sha biyu wata makarantar ƙwallo ta birni ta ɗauke shi, yana sha shida ta sallame shi, wai ƙirarsa ta yi ƙanƙanta. Bai koma gida ya zauna ba. Ya faɗa wata ƙaramar ƙungiya ta rukuni na uku, inda manyan ƙarti ke sharɓe shi kowane mako, yana tashi yana kaɗe ciyawa yana ci gaba. A can aka hango shi, aka kira shi tawagar 'yan ƙasa da shekara goma sha tara ta Sifen, daga nan ta 'yan ƙasa da ashirin da ɗaya, har ƙungiyar Lyon ta ɗauko shi bara. Yanzu shekararsa ashirin, kuma abu ɗaya ya rage masa, babbar tawagar ƙasa. Ranar Juma'a mai zuwa za a fitar da sunaye, kuma kowa ya san an turo wakili daga Madrid musamman don ya kalle shi yau.

Matsalar ita ce mako uku da suka wuce an doke shi da gwiwar hannu, ƙashin kumatunsa ya tsage. Likita ya ce ba zai sake taka fili ba sai da takunkumi mai tauri, wanda aka auna aka ƙera daidai da fuskarsa. Guda ɗaya ne tak, kuma na wani ba zai yi masa ba.

Mamadu ya zazzage akwatin, ya zazzage na biyu, ya zazzage na ukun da ya san sarai ƙwallaye ne kawai a ciki. Yana durƙushe a tsakiyar tarin safa abin ya faɗo masa. Ranar Juma'a da yamma, yana loda kaya, ya tarar yaron ya jefa takunkumin cikin akwatin takalma, kwance a kan tafin wani takalmi mai laka. Ran Mamadu ya sosu. A gidan da ya tashi, abin da ke taɓa fuska ko kai ba ya kwana tare da abin taka ƙasa, ko hula ce aka ajiye kusa da takalmi sai an sha faɗa. Shi ne ya ciro shi, ya goge shi tas, ya naɗe cikin farin hankici, ya sa a 'yar jakarsa ta fata inda hularsa da carbinsa suke, da niyyar ya riƙe shi a jikinsa har Paris. Asabar da safe ya sa kayan ƙungiya, ya saɓa jakar ƙungiya, ya bar ta fatar rataye a ƙusa bayan ƙofar gidansa a Villeurbanne, a gefen Lyon. Ladabin da ya yi wa fuskar yaron ne ke shirin hana shi wasa.

Ya kira Mariama, ko gaisuwa babu.

"Tashi ki duba bayan ƙohwa. Jikkata ta hwata tana nan?"

"Ina wuni dai, Malam. Tana nan, ga ta ina kallo. Mi ya hwaru?"

Ya gaya mata cikin numfashi biyu. Ya zaci za ta rama gorin shekara da shekaru, amma Mariama mace ce da ta san lokacin wasa da lokacin aiki. Ya ji ƙarar kashe murhu, ya ji makullai.

"Akwai jirgi ƙarhe biyu. In motar tram ta yi mini kirki, ina samu nai."

Awa biyu ne daga Lyon zuwa Paris a jirgin ƙasa. Mamadu ya duba agogo, ya ga abin zai yiwu, ya koma jeran kaya. Ƙarfe biyu saura biyar wayar ta yi ƙara.

"Complet ne," in ji Mariama. "Na biyu, na ukku, na huɗu, duk babu wuri. Lahadi ce, kowa Paris za shi."

"To ki ba wani saƙo. Duk wanda za ya shiga, ki ba shi."

"Kana tsammani tashar Maraɗi nike? Mutum shidda na tare. Da na miƙa ƙunshin sai su ja da baya kamar maciji na miƙa musu. Ga lasifika sai hwaɗi take kar kowa ya karɓi kayan wanda bai sani ba. Wata tsohuwa har ta nuna ni ga ɗan sanda."

Jirgin ƙarfe biyu ya tashi ba takunkumi. Mamadu ya zauna a kan akwati ya dafe kai. A gida da tuni an gama, ka tsaya bakin tasha, ka miƙa wa duk wanda ka gani, ka faɗa masa sunan mai kaya da unguwarsu, ka koma harkarka. A nan kuwa jirgi na gudu kamar walƙiya, amma babu mai ɗaukar maka ko allura. Ya yi alwala a bandakin 'yan wasa, ya yi azahar a gefen tarin tawul, kuma rabon da ya daɗe a sujada haka tun ranar da Mariama take naƙudar fari.

Uku saura kwata ta sake kira, muryarta ƙasa-ƙasa kamar mai farautar zabo.

"Na ga hula."

"Wace hula?"

"Hula da babbar riga, ga tsage a kumatu. Dattijo ne, wata yarinya na rakiya tai. Tsaya, kar ka kashe."

Mamadu ya ji takunta, ya ji sallama, ya ji an amsa da cikakkiyar Hausa ta Adar. Sai gaisuwa ta ɓarke. Ina wuni, ina gajiya, ina gida, yaya baƙunta, yaya sanyin ƙasar nan. Mamadu yana cizon yatsa yana kallon agogo, amma ko shi ya san ba a yi wa dattijo tsallaken gaisuwa sannan a roƙe shi arziki. Can aka miƙa wa dattijon wayar. Alhaji Siddiƙ ne sunansa, mutumin Tawa, ya zo ganin 'yarsa Latifa da ke karatu a jami'ar Villeurbanne, yanzu za shi wurin ɗan'uwansa a Montreuil, a gefen Paris.

"Na ji bayani," in ji Alhajin, a natse kamar ana hirar damina. "Shekara talatin na yi ina aikin gidan waya a Tawa. Saƙo ya shiga hannuna, ka kwantar da ranka. Wa za a ba?"

"Ni, Alhaji. Mamadu."

"To, hannu da hannu, in sha Allahu."

Da ƙarfe uku da rabi motar 'yan wasa ta iso, kuma abin da Mamadu ya fi tsoro ya zo. Cikin mintoci kaɗan koci zai miƙa wa alƙalin wasa takardar sunaye, wanda ba ya ciki kuwa ya zama ɗan kallo. Dario ya shigo da abin jin kiɗa a kunne, yana tafe yana ɗan tsalle, fuskarsa har yanzu da sauran shuɗi a ƙarƙashin ido. Ya dafa kafaɗar Mamadu kamar kullum, ya duba wurinsa, ya sake dubawa.

Da Mamadu ya so, da ya yi ƙarya. Da ya ce a masauki aka bari, ko direba ne ya sauke. Bai yi ba. Ya kira koci da likita, ya tsaya gaban yaron, ya ce shi ya cire takunkumin daga akwati, shi ya manta da shi a gida.

Dario bai yi faɗa ba, kuma wannan ya fi yi wa Mamadu ciwo. Ya zauna kawai, ya cire abin kunnensa, ya ƙura wa takalmansa ido. Likita ya girgiza kai ya ce babu takunkumi, babu wasa. Koci, wani ɗan gajeren mutum da ba ya rabuwa da cingam, ya zaro alƙalami zai soke sunan.

"Ka sa shi a benci," in ji Mamadu da Faransanci. "Takunkumin yana cikin jirgi. Zai iso kafin a dawo daga hutun rabin lokaci."

"Wa ke kawo shi?"

"Wani dattijo."

"Ma'aikacinmu ne? Ɗan'uwanka ne?"

"A'a. Yau na fara jin muryarsa."

Koci ya daina taunar cingam. "Ka ba baƙon da ba ka taɓa gani ba, kuma kana so in ɓata gurbi guda a kansa? Me ya tabbatar maka zai kawo?"

Mamadu ya rasa yadda ake faɗar wannan da Faransanci. Ya ce, "Ya ce ya karɓa. A wurinmu in mutum irinsa ya ce ya karɓa, an gama."

Dario ya ɗago kai ya kalli koci. Kocin ya yi tsaki irin nasu, ya rubuta lamba goma sha tara a layin masu jiran canji, ya ce a tura mai babur tashar jirgi ya karɓo kayan.

Ƙarfe biyar aka busa. Filin ya cika maƙil, mutum sama da dubu arba'in, ƙasa har girgiza take in suka buga ƙafa. 'Yan Paris suka taso wa baƙi kamar an aiko su, minti na ashirin suka zura ɗaya. A benci Dario yana zaune cikin babbar rigar sanyi, kowane minti sai ya ɗaga ido wajen kujerun manyan baƙi inda wakilin Madrid yake rubuce-rubucensa. Mamadu yana tsaye a bakin hanyar shiga fili, ido ɗaya a kan wasa, ɗaya a kan waya.

Biyar da kwata mai babur ya kira, ransa a ɓace. Ya ce ya ga tsohon, ya nuna masa katin ƙungiya, ya nuna masa saƙon koci, amma mutumin ya rungume ƙunshin ya ƙi saki. Mamadu ya ce a ba shi wayar.

"Alhaji, don Allah ka ba shi, namu ne."

"Wannan shi ne Mamadu?"

"A'a, amma ni na aiko shi."

"Hannu da hannu anka ce mini. Ban taɓa ba da wasiƙa ga wanda ba mai ita ba, ba ko a Paris zan hwara ba." Sannan ya ƙara da cewa, "Amma na ga kabu-kabu ne. In shina da wuri a baya, sai mu taho tare."

Haka aka yi. Wanda ya tsaya a bakin kogi a yammacin nan ya ga abin da zai ba jikokinsa labari, wani dattijo ɗan shekara saba'in a bayan ƙaton babur, kwalkwali a ka, hula a aljihu, 'yar jakarsa a cinya, babbar riga shuɗiya tana kaɗawa a baya kamar tuta.

Aka tafi hutun rabin lokaci ana ɗaya da nema. Mamadu ya raba busassun riguna cikin minti biyu, ya fizgi hannun Ilyes, mai yi wa 'yan wasa tausa, mutum mai shekara hamsin da tumbin da ya girme shi, suka ruga ƙofar ma'aikata. 'Yan sanda sun tare titi, babur ya tsaya can nesa. Sai ga shuɗiyar riga tana tahowa tsakanin shingaye, ba gaggawa ko kaɗan.

"Salamu alaikum. Kai ne Mamadu?"

"Ni ne, Alhaji."

"Ɗan wa a Maraɗi?"

"Ɗan Malam Ilya mai ɗinki, na bakin kasuwa."

"Haka matarka ta ce." Ya zaro farin ƙunshin daga cikin aljihun gaba, ya ɗora shi a tafin Mamadu da hannu biyu. Mamadu ya juya ya danƙa wa Ilyes, Ilyes ya kwasa da gudun da bai yi irinsa ba tun yana saurayi.

Mamadu ma ƙafarsa har ta ɗaga za ta bi shi. Sai ya dubi dattijon, ga shi tsaye shi kaɗai a tsakiyar 'yan sanda da dawakai, idanunsa sun yi ja saboda iskar babur, yana ƙoƙarin daidaita hularsa. Mutumin nan ya bar hanyarsa, ya hau abin da zai iya karya shi, saboda wani yaron da bai san ko sunansa ba. A ce an karɓi saƙo an juya masa baya a bakin ƙofa? Mamadu ya sauke ƙafar. Ya rage tsawo, ya fara daga farko, ina wuni, ina gajiya, yaya hanya. Ya karɓi jakar, ya ce zai raka shi tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa, layi na tara, wanda zai kai shi Montreuil ba sauyi.

Alhaji Siddiƙ ba ya sauri. Yana tafe yana ba da labarin wata wasiƙa da ya taɓa bin mai ita har rugar Fulani, Mamadu yana amsawa da "ikon Allah", amma kunnuwansa duka biyu suna baya. Filin yana ruri kamar ruwan sama a kan kwano. An dawo wasa, ya sani. An sa yaron ko ba a sa shi ba, bai sani ba. Suka tsaya a bakin matakalar tasha, Alhajin ya shiga addu'ar sallama, ya yi wa Mamadu, ya yi wa Mariama, ya gangaro kan zuriya.

Ana cikin haka rurin ya ɗauke ɗif, kamar an rufe tukunya. Har kukan tattabaru Mamadu ya ji. Sai can daga wani lungu na sama wata 'yar ƙaramar hayaniya ta tashi, ta mutum dubu ɗaya da suka biyo ƙungiya daga Lyon.

"Lahiya?" in ji Alhaji. "Ko wani ya hwaɗi?"

Mamadu ya shekara goma sha ɗaya yana yawon filayen mutane, ya san abin da ke sa dubu arba'in su yi tsit a gidansu. Kafin ya buɗe baki waya ta yi ƙara. Mariama ce, daga wani shagon shayi kusa da tashar Lyon inda ta tsaya gaban talabijin.

"Yaronka ne! Minti bakwai da shigowa tai. Da kai ya sa ta, Malam, da wannan huskar da ta tsage. Ya tashi sama ya hi kowa, ga baƙin abin nan a huska tai, yanzu ga shi can sun danne shi ƙasa."

Mamadu ya manta da shekarunsa. Ya daka tsalle a tsakiyar titin Paris, sanye da rigar ƙungiyar Lyon, ya rungume Alhajin har hular ta karkace, yana dariya hawaye na zuba. Wasu matasa magoya bayan masu gida suka fara juyowa suna harararsa. Dattijon ya ɗaga hannun babbar rigarsa ya lulluɓe masa tambarin da ke ƙirjinsa.

"Yi murnarka a hankali, ɗana. Garin mutane ne."

Ɗaya da ɗaya aka tashi. A ɗakin sauya kaya kowa na ta ihu, 'yan jarida suka janye Dario, koci ya wuce Mamadu ya ce masa kawai za su yi magana. Ba su yi ba. Dario ma bai leƙo ɗakin kaya ba, Litinin, Talata, har Alhamis, sai dai ya tura kayan wankinsa cikin kwando tare da na kowa. Mamadu ya san ƙwallon da aka ci ba ta goge minti sittin ɗin da ya cinye wa yaron ba. Abin ya tsaya masa a rai, ko abincin kirki bai ci ba duk makon.

Juma'a da hantsi yana ninke tawul ya ji ɗakin cin abinci ya kaure da sowa da bugun tebur. An karanta sunaye a Madrid, kuma daga yadda ake kiran lamba goma sha tara ya gane. Ya yi hamdala, ya yi murmushi shi kaɗai, amma bai fita ba, don gani yake ba shi da fuskar shiga wannan murnar.

Can ƙofa ta buɗe. Dario ne, gashinsa jiƙe da ruwan da aka watsa masa, riƙe da sabuwar jakar tafiya ba komai a ciki. Ya ɗora ta a kan tebur.

"Litinin zan tafi Madrid," ya ce da Faransancinsa mai tuntuɓe. "Ka shirya mini kaya."

Mamadu ya sunkuyar da kai. "Wannan karon gara ka shirya da kanka. Ka ga abin da na yi maka."

"Na gani. Kwana uku ina fushi. Jiya na tambayi Ilyes me ya sa ka cire shi daga akwatin, ya gaya mini." Yaron ya tura jakar gabansa. "Ranar da zan bar gida ina ɗan shekara goma sha biyu, mahaifiyata ce ta shirya mini jaka. Tun daga ranar ban sake yarda wani ya taɓa mini ita ba. Ka shirya, Mamadu."

Daɗi da kunya suka taru suka cika wa Mamadu ƙirji, ya juya baya ya goge ido da tawul ɗin da ya gama ninkewa. Sannan ya jawo jakar, ya zuge ta, ya tambayi yaron kwana nawa zai yi a can.